Kishin Wa Muke Yi?

Da wuya ka ga Bahaushen da zai miƙe a gaban jama'a ya ce shi mai hassada ne. Mutum zai amsa cewa yana da zafin rai, zai amsa rowa in an matsa masa, taurin kai ma wani har tutiya yake yi da shi. Hassada kuwa kullum ta wani ce. Ana rubuta ta a bayan motar haya, ana yi wa mai ita habaici a gidan biki, ana cewa ga mai rabo taki ce, kuma duk wanda ya faɗi wannan karin magana ya riga ya ɗauki kansa shi ne mai rabon. Kishi ba haka yake ba. Shi da ƙarfin murya ake amsa shi. Ɗan siyasa yana kishin talaka, malami yana kishin addini, dattijo yana kishin garinsu, in kuwa aka ce wane ba shi da kishin zuci, to an gama zaginsa. Amma daga jikin wannan kalmar aka ciro kishiya, sunan da mata masu son zaman lafiya suke kauce wa, su ce abokiyar zama. Kalma ɗaya ta goya abin yabo da abin kunya, a tsakanin biyun nan kuma yawancin rigingimun ikilisiya suke samun wurin ɓuya.

Na sha jin labarin majami'un da suka tsage a Arewa, wasu ma a gabana aka yi. Ban taɓa jin wanda ya fita ya ce hassada ce ta fitar da shi ba. Kowa kishi ne ya tashe shi: kishin gaskiya, kishin tsarki, kishin aikin Ubangiji. Wani lokaci gaskiya yake faɗi. Sau da yawa kuwa shi kansa bai san an yi masa musanya a zuci ba.

Wannan magana ta fi ciwo a inda masu bi suke 'yan kaɗan, kamar yammacin Zamfara. Ina nufin Anka, inda sarautar Zamfara ta zo ta zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, da Bukkuyum, da Gummi can kusa da iyakar Kebbi da Sakkwato. Ƙasar Musulmi ce tun da daɗewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804. An yanke jihar daga Sakkwato a 1996, a watan Oktoba na 1999 kuma Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Kiristan da ke waɗannan garuruwa galibi nema ne ko aiki ya kawo su. Akwai Ibo masu shagon magani da kayan gyaran babur, akwai Yarbawa masu sana'ar hannu, ga ma'aikatan jinya da malaman makaranta, ga 'yan sanda da sojojin da aka turo, ga matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda shekara guda za su yi su wuce. Akwai mutanen ƙasar Zuru da ke haurowa ta hanyar Ɗaki Takwas, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuma suna kiran kansu Lelna. Akwai 'yan kudancin Kaduna da Filato, da tsirarun Hausawa. Duk ka haɗa su, yawansu bai taka kara ya karya ba, samun filin gina majami'a ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Su 'yan kaɗan ɗin kuma ba a inuwa ɗaya suke ba, kowa ya zo da ɗariƙarsa cikin kayansa. ECWA ta fito daga aikin mishan na SIM, wanda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro a 1893, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Katolika suna ƙarƙashin Sakkwato, inda limaman Dominikan daga Amurka suka aza harsashi a shekarun 1950, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma yake jan ragama tun 2011. Angilikan suna da bishop a Gusau, tushensu a ƙasar Hausa kuwa yana komawa ga Likita Walter Miller na Zariya, jigo a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito da Hausa a 1932. Mutanen Zuru da yawa 'yan UMCA ne. Ga Baptis, ga sababbin majami'un Fentikos masu ganga da lasifika. Babu ko ɗaya cikin waɗannan rabe-raben da aka ƙulla a bakin Gulbin Zamfara. A Jamus da Ingila da Amurka aka yi gardamar, mu gadonta muka ci. Iyayenmu da suka karɓi bishara da Hausa sun ji nauyin wannan gado, don dubi sunayen da suka raɗa: Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi, wadda aka kafa a 1955, da Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi, da Zumuntar Mata. Tarayya, haɗuwa, zumunta. Addu'a suka yi mana da sunayen nan. A 1976 kuma aka kafa ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, don ta zama inuwar kowa da kowa.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba tarihin Turai ne ke hana mu barci ba. Mai shagon magani a Gummi ba ya gaba da maƙwabcinsa a kan Martin Luther. Abin da ke raba mu ya fi haka kusa: wa aka zaɓa dattijon ikilisiya, muryar wa aka yaba a mawaƙa, matar wa aka sa gaba a Zumunta, da wane harshe za a yi wa'azi, wa aka ba mabuɗi.

Na taɓa zama a bencin baya na wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano. An tashi sujada, zafi ya fara saukowa daga rufin, yara suna wasa da marafan kwalba a bakin ƙofa. Wata ikilisiyar birni ta aiko da buhunan masara da katan-katan na sabulu don waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Fasto ya miƙa wa wani saurayi mabuɗin ɗakin ajiya, domin ya iya lissafi, gidansa kuma na kusa. Sai wani dattijo, wanda da hannunsa aka buga tubalin ginin da muke ciki, ya gyara zama.

"Baba Fasto, ni ba don kaina nake magana ba, Allah ya sani. Kishin gidan Ubangiji ne. Yaron nan yaushe ya zo garin nan? Ko kabari ɗaya bai haƙa tare da mu ba."

Shugabar Zumuntar Mata ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, a yi haƙuri. Mu dai raba masarar nan tukuna, akwai masu goyon da ba su ɗora tukunya ba tun jiya."

Ba a raba masarar a ranar ba. Kafin damina ta wuce, dattijon ya daina zuwa, 'yan garinsu suka bi shi, suka soma taron addu'a a wani ɗakin haya. Ba zan kira shi mugu ba. Mutum ne da ya sha wuya don wannan majami'a lokacin da babu kowa, ya wayi gari ana wuce shi kamar ba a gan shi ba. Ba masara yake so ba, so yake a tuna da shi, wannan ciwo kuwa na gaske ne. Da ya ce, "Baba Fasto, raina ya sosu, na ga kamar an manta da ni," da an sami abin yi: a ba shi haƙuri, a girmama shi, a haɗa shi da yaron su riƙe mabuɗin tare. Amma ya kira ciwon da sunan kishin gidan Ubangiji, shi kuwa kishin gidan Ubangiji ba a ba mai shi haƙuri, sai dai a mara masa baya ko a yi jayayya da shi. Sunan da aka ba cutar ne ya hana a yi mata magani.

Littafin Ƙidaya, sura 11, ya ajiye mana irin wannan zama. Musa ya gaji da ɗaukar jama'a shi kaɗai, aka zaɓi dattawa saba'in su taya shi, aka tara su wajen alfarwa, Ruhu ya sauko musu. Biyu daga cikinsu, Eldad da Medad, ba su je wurin taron ba, amma Ruhun ya same su a cikin zango, suka kama annabci a can. Wani saurayi ya sheƙa a guje ya kai rahoto. Joshuwa, wanda ya daɗe yana yi wa Musa hidima, ya roƙi maigidansa ya hana su. Joshuwa ba mutumin banza ba ne, shi ne ma zai gaji Musa. A ganinsa martabar maigida yake karewa. Musa ya tambaye shi ko dominsa yake wannan kishi, ya kuma nuna masa cewa shi fatansa jama'ar duka su sami abin da mutum biyun nan suka samu. A Markus sura 9 abin ya sake faruwa. Yohanna ya zo yana ba Yesu labari cewa sun hana wani mutum fitar da aljanu da sunansa, don ba ya cikin ayarinsu. Yesu ya ce kada su hana shi. Duk sau biyun, ba wanda ya ce aikin da ake yi mummuna ne. Laifinsa ɗaya, bai biyo ta hannunmu ba.

Daga nan nake ɗauko ma'aunin da na fi amincewa da shi. In wani abu a ikilisiya ya tsaya maka a rai, ka tambayi kanka: da ta hannuna ya zo, ko ta hannun ɗan garinmu, da zan ga wannan aibin? In amsar i ce, to kishi ne, ka yi magana, ka yi ta a fili. In kuwa ka ga da a hannunka yake da har godiya za ka yi, to ka san sunan abin da ke cin ka. Mai kishin aiki yana murna in aikin ya ci gaba, ko da sunansa bai fito ba. Mai hassada ya fi son aikin ya lalace da ya gyaru a hannun wani.

Sarki Sulemanu da wannan ma'auni ya yanke shari'ar da ta yi masa suna. Mata biyu, jariri ɗaya mai rai, kowacce tana rantsuwa nata ne, kowacce tana kuka. A baki ba ka iya bambanta su. Sai da aka kawo takobi aka ce a raba yaron biyu, ɗaya ta yarda a raba, kowa ya rasa, ɗayar kuwa hanjinta ya kaɗa, ta ce a ba abokiyar shari'arta, ita dai kada a kashe shi. Ina tuna wannan labari duk lokacin da na ji ana cewa a taron dattawa, "To, in haka ne a raba, kowa ya kama gabansa." Wanda ya fi saurin yarda a raba ikilisiya, da benci da ganga da kuɗin baiko, ya kamata ya tsaya ya binciki zuciyarsa. Wanda ya ce, "Ku riƙe kujerar, ni dai kada jama'ar nan su watse," shi ne ya nuna jinin nasa ne.

Akwai wata kalmar da ta fi kowacce kama mu, wato 'yan ubanci. Duk wanda ya tashi a gida mai ɗakuna ya san shi. Uba ɗaya ne, tsakar gida ɗaya, rumbu ɗaya, amma kowane yaro ya san ɗakinsu, yana kuma ƙirga abin da ya shiga ɗakin can. Mai karatu a Turai sai an yi masa dogon bayani kafin ya fahimci gidan Yakubu. Mutumin Bukkuyum da ji ɗaya ya gane: mata huɗu, 'ya'ya maza goma sha biyu, Lai'atu mai haihuwa da ba a so, Rahila abar so da ta daɗe ba ta haihu ba. Kishin ya faro a ɗakunan iyaye mata, yara suka tashi suka tarar da shi, har ya kai ga jefa Yusufu a rijiya da sayar da shi ga fatake. Maƙwabtanmu Musulmi sun san labarin sarai, sura guda ce a Alƙur'ani. Abin da ba mu cika faɗi a wa'azi ba shi ne rabon Yakubu a cikin laifin. Shi ya ɗinka wa ɗa ɗaya riga ta musamman a gaban sauran. Hassada ba daga sama take faɗowa ba, sau da yawa babba ne ke shuka ta. Faston da kullum gidan masu hali yake kai gaisuwa, shugaban gunduma da ke tura 'yan ƙabilarsa manyan majami'un birni ya bar wasu a bakin daji shekara da shekaru, bai kamata su yi mamaki ba in suka ga abin da ya tsiro.

Mu ma Uba ɗaya muke kira kowace Lahadi, addu'ar da Ubangiji ya koya mana da wannan kiran ta fara. Sai dai zaman 'yan uba muke yi. In majami'ar can ta yi sabon rufi, a nan sai a ce ai an san inda kuɗin ya fito. In iyali ɗaya suka koma can, sai a ce an yi mana satar tumaki, a daina gaisawa. In fastonsu ya kwanta ciwo, sai dai mu ji a bakin mutane. Ɗakuna ba laifi ba ne. Ban ga dalilin da zai sa mai son sujada cikin natsuwa ya koma ta ganga ba, ko Bakatolike ya bar abin da ya yi imani da shi game da Jibin Ubangiji don a ce an haɗu. Akwai bambancin koyarwa na gaske, rufe shi da murmushi kuwa ba gaskiya ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a mai da ɗaki ya zama gida, a manta tsakar gidan ɗaya ce.

Sai kalmar da ta fi ba ni tsoro. In Bahaushe ya so ya kira mai hassada da sunan da ya fi zafi, sai ya ce ɗan baƙin ciki ne. Baƙin ciki kuwa shi ne abin da ke kama mutum ranar da aka yi masa rasuwa. Harshen ya gano wani abu mai nauyi: mai hassada makoki yake yi a ranar farin cikin ɗan'uwansa. Haihuwar wani, ɗaukar wani aiki, amfanin gonar wani, duk suna faɗo masa kamar saƙon mutuwa.

A ƙasar Anka da Bukkuyum an san baƙin ciki na ainihi. Tsakanin 4 da 6 ga Janairun 2022 'yan bindiga sun bi ƙauyukan ƙananan hukumomin nan biyu suna kisa suna ƙone gidaje. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. Tun kafin wannan ma, 'yan gudun hijira sun cika filin sabuwar fadar Sarkin Anka da ba a gama ginawa ba, suna kwana cikin bukkokin leda da buhu. Manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya haraji ga mutanen daji, in an kama nasa kuma ya sayar da shanu da hatsi ya kai kuɗin fansa. Manoma Hausawa da makiyaya Fulani da suka gaji kasuwa ɗaya da mashaya ɗaya, addininsu ma ɗaya, sun wayi gari ba mai amincewa da wani, tun daga rikicin burtali da satar shanu da rashin adalci, har zuwa 'yan sa-kai da ramuwar gayya. A irin wannan ƙasa, a ce mutum yana da sauran baƙin cikin da zai kashe a kan an yabi muryar wata a mawaƙa, abin kuka ne.

A nan kuma hassada ta wuce zancen zuci, tana kashe mutum. Kowa a Zamfara ya san kalmar infoma, wanda ke zaune cikin gari yana tsegunta wa mutanen daji wa ya sayar da sa, wa ɗansa ya aiko da kuɗi, wa ya cika rumbu. Ba duka hassada ke tura su ba, akwai yunwa, akwai tsoro, akwai wanda aka tilasta. Amma tambayi mutanen ƙauye, za su ce maka da yawa ido ne kawai, ganin na wani ya fi nasu. Shi ya sa nake roƙon shugabanninmu su sake duba wata al'ada da muka ɗauka ba komai ba ce: kiran sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar a lasifika ranar godiyar kaka ko ranar tara gudummawar gini. Tana sa gwauruwar da ta kawo mudu biyu na gero ta sunkuyar da kai, tana hura wutar gasa tsakanin masu shaguna, a wannan zamani kuma tana iya kai sunan mutum kunnen da bai kamata ba. Ubangiji ya riga ya koya mana bayarwa a ɓoye tun kafin a san da 'yan bindiga.

Ƙasar nan ta taɓa ganin abin da ke nuna cewa wani aikin ba ya yiwuwa gida-gida. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka, suna farfaɗiya, maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Aka gano gubar dalma ce. Zinare ya yi tsada, maza suna haƙo dutse su kawo gida, a niƙa shi a injin da ake niƙan hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A Dareta da Abare da Sunke da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum, da wasu ƙauyukan, yara fiye da 400 suka rasu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka ce ba shi da amfani muddin yaro zai koma ya zauna cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Dole sai an kankare ƙasar saman kowace tsakar gida, an zuba a buhu an kai rami, an kawo sabuwar ƙasa an shimfiɗa, an bi lunguna da bakin rijiyoyi da wuraren niƙa, an kuma fitar da aikin dutse daga cikin gari. Mutum ba zai share gidansa ya ce ya tsira ba, don iska za ta kwaso ta maƙwabci, yaransa kuma can suke wasa. Bagega, wadda ta fi girma, sai a 2013 aka share ta bayan an daɗe ana jiran kuɗin gwamnatin tarayya, yaranta kuma suka yi ta jiran magani har lokacin. Ban kawo mutuwar yaran nan don ado ba, ta fi ƙarfin haka. Na kawo ta ne don mutanen ƙauyukan nan, da masu garinsu, da baƙin da suka zo daga nesa, sun yi aikin da ya ceci dubban yara, kuma bai yiwu ba sai da kowa ya buɗe ƙofar gidansa aka shiga. Ikilisiyar da ke zaton za ta tsarkake kanta ita kaɗai, ta bar ta kusa da ita cikin gaba da tsegumi, ta manta 'ya'yanta da nasu makaranta ɗaya suke zuwa, su ne kuma za su auri juna.

Akwai haɗin kan da ba na so, gara in faɗe shi. Shi ne wanda tsoro ya ƙulla, a taru don a ce ga abokan gaba can, mu ga mu nan. Irin wannan ba ya wuce ranar da tsoron ya lafa, yana kuma koya wa yaranmu kallon maƙwabci da ido ɗaya. A watan Agustan 2016 a Talata Mafara, maƙwabciyar Anka, aka yi wa wani ɗalibi dukan kawo wuƙa bisa zargin ɓatanci. Wani mutumin gari ya ɗauke shi ya kai asibiti. Masu fushi suka je suka cinna wa gidan mutumin wuta, mutum takwas suka mutu. Waɗanda suka kunna wutar da sunan kishin addini suka yi. Mu ma ba mu da bakin yin fahariya, don a wasu garuruwan Arewa inda Kirista suka fi yawa an zubar da jinin maƙwabta da wannan sunan, Manzo Bulus kansa kuma ya shaida cewa kishi ne ya sa shi tsananta wa ikilisiya kafin ya tuba. Wanda ya ɗauki yaron zuwa asibiti shi ne ya yi abin da Yesu ya yaba a misalin Basamariye. Kiristan Gummi da Anka suna sayen hatsi a hannun Musulmi, suna haya a gidajensu, hanya ɗaya suke bi da fargaba ɗaya, in an tare mota kuma ba a tambayar ɗariƙa. Zumuncin da muka koya a cikin majami'a, in na gaske ne, zai fito ƙofa ya je gaisuwar mutuwa a gidan liman.

Saura abu ɗaya, don kada a ɗauki wannan rubutu a mai da shi sandar dukan masu ƙorafi. Ba duk kuka ne hassada ba. Shugabanni sun iya rufe bakin wanda aka zalunta da cewa baƙin ciki yake yi. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna ikilisiyar farko a Urushalima cikin irin rigimarmu sak: rabon abinci, da harshe biyu. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu 'yan hassada ba, ba su yi musu wa'azin haƙuri ba. Suka tara jama'a suka ce a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin. Duba sunayen waɗanda aka zaɓa, su Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya: duka bakwai sunayen Helenanci ne. Alama ke nan cewa ɓangaren da aka yi kuka da shi ya ɗauki rabon ya sa a hannun ɓangaren da ya yi kukan.

Wannan abu ne da za a iya gwadawa a Gummi ko Anka ba tare da jiran wata takarda daga shugabannin ɗariƙa na Jos ko Sakkwato ba. In masu sujada da Hausa suna ganin masu Turanci sun danne su, a ba su littafin kuɗi su riƙe, a kuma karanta lissafin baiko a fili da harsunan biyu. In kayan agaji suka zo wa majami'a ɗaya, a zauna da sauran a rubuta sunayen gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira a takarda ɗaya, har da maƙwabtan da ba sa shiga majami'a, a sa ɗan wata ɗariƙar ya auna mudun. Fasto ya ambaci sunan faston majami'ar can a addu'ar Lahadi, ya roƙa masa albarka da gaske, jama'a su ce amin da bakinsu. Wanda ya fita cikin fushi, a tashi dattawa biyu su taka har gidansa tun kafin ya kama ɗakin haya, su zauna a tabarmarsa su saurari abin da ya sosa masa rai. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne tsakiyar damina, watan Yuli zuwa Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, domin a lokacin ne rabo yake da zafi, a lokacin ne kuma aka fi lura da hannun wa mabuɗi yake.